Rahoton da Alhaji Ya Danne

Kwanakin baya wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata a Kawo, hannu biyu a aljihu, yana kallon yadda nake cire wurin cajin wata waya. Da ya gama ƙare mini kallo sai ya ce, "Baba, wannan aikin ai sati biyu ya ishe ni, duk yana cikin bidiyo." Na ce masa gaskiya ne, har tiyatar ciki ma tana cikin bidiyo, ya je ya fara da ƙaninsa, in yaron ya tashi sai ya kawo mini labari. Bai yi dariya ba. Ku 'yan yanzu haka kuke, kun iya raina sana'a amma ba ku iya ɗaukar ba'a ba.

To tunda kuna da yawa masu wannan tunanin, bari in ba ku abin da bidiyon bai ɗauko ba. Sunana Garba, amma a bakin tasha Injiniya ake ce mini, kamar yadda ake ce wa mai faci da mai gyaran fanka da duk wanda aka taɓa gani riƙe da sukundireba. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai ƙananan sukundirebobi, da hantsaki, da ƙarfen soda da dalmarsa, da bulowa mai hura iska mai zafi, da mita, da kwalbar sifirit, da wani tsohon burushin haƙori da ya ceci wayoyi fiye da yadda ya taɓa ceton haƙora. Sai wata kwamfuta da sai an lallashe ta take tashi. Duk za ku same su a kasuwa yau ɗin nan, ku jera su, ku ɗauki hoto, ku rubuta Injiniya a ƙasa. Ba wanda zai hana ku.

Ni da rediyo na fara, a shagon Malam Sale a Rafin Guza, tun waya tana da igiya tana zaune a ofishin manya. Bazazzagi ne mai ƙarancin magana da saurin hannu, hannun kuma ba a kan rediyo kaɗai yake sauri ba, ƙeyata shaida ce. Na daɗe a wurinsa ba ni da aiki sai shara da sayo goro da riƙe tocila. Ranar da ya fara barina in taɓa kayan mutane, wata rediyo ce wani mai gadi ya kawo, wai ta daina magana. Kafin mutumin ya rufe baki na kwance bayanta na baje hanjinta a kan tebur. Malam Sale ya bar ni sai da na gama rawar kaina, sannan ya tambayi mai gadin yaushe rabonsa da sayen batir. Ya ce tun azumi. A lokacin kuwa har an yi babbar Sallah an cinye naman. Bayan ƙeyata ta karɓi rabonta sai ya ce, "Ka riƙa buɗe mai rediyo kafin ka buɗe rediyo." Ban da salati, ba na jin akwai maganar da na fi maimaitawa a rayuwata kamar wannan.

Buɗe mai waya kuwa ya fi buɗe waya wuya, don ita waya ba ta ƙarya. Duk wanda ya zo wurina, haka kawai wayarsa ta mutu. Tana ajiye, ba wanda ya taɓa ta. Sai ka kwance ta ka tarar da miyar kuka har cikin injin. Wani direban Zariya ya rantse mini tasa ba ta taɓa faɗuwa ba, ga shatin taya a bayanta. Wata kuma ta ji an ce in waya ta jiƙe a binne ta a cikin shinkafa, ba wanda ya tuna ya ce mata ɗanya. Ba ka da ikon ƙaryata su, don gobe ma kana son su dawo. Sai dai ka gyaɗa kai ka ce lalle abin da mamaki, kana goge manja da burushi.

Amma babbar cutar sana'armu a yau ita ce wanki. Wanki shi ne a share duk abin da ke cikin waya ta koma kamar ranar da aka sayo ta, wasu na cewa filashin. Shi ne abu na farko da kuke koyo, yawancinku kuma a nan karatun yake tsayawa. Waya ta yi nauyi, a wanke. Ta yi zafi, a wanke. Mai ita ya yi mugun mafarki, a wanke. Hotunan ranar suna, da lambobin 'yan uwa, da muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya duk su bi ruwa, ku miƙa wa mutum waya tana sheƙi kuna jiran godiya. Mai maganin da duk wanda ya zo masa da ciwon kai sai ya cire kan, shi ma ai ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba.

Wata Laraba da hantsi, cikin damina, wani dattijo ya zo da waya a naɗe cikin hankici. Alhaji Yusha'u ke nan. Na san shi sama-sama, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya daga ofishin rajista na wata ma'aikata, inda ake ajiye fayilolin ma'aikata. Har yanzu kaftaninsa da karin guga, biro a aljihu, takalmi yana ƙyalli ko da a taɓo, ga tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya warware hankicin a hankali. Ƙaramar waya ce tsohuwar yayi, an ɗaure bayanta da jar roba. Da na ɗauka sai na ji ta da zafi kamar yanzu aka sauke ta daga kasko.

Ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Injiniya, wanke ta za ka yi. Tas. Kafin Asabar nake so, kuma tsakanina da kai."

Na daɗe a sana'ar nan, na san irin abin da dattawa ke ajiyewa a waya idan suka ce tsakanina da kai, kuma ba tafsiri ba ne. Allah Ya yafe mini zaton da na yi wa bawan Allahn nan. Na ce ya zauna a benci ya gaya mini me take yi.

Ya ce komai sai ta yi nazari kafin ta yi. Batir ba ya kai wa azahar. Hoto in ya zo ɗauka sai ta ce babu wuri. Kira ma yanzu sai ya katse kafin ta yarda ya amsa. Da ɗayanku ne da ya sayar masa da sabon batir, in bai yi ba a wanke. Ni sai na shiga ma'ajiyarta in ga wa ya cinye wurin. Hotuna ba su da yawa, daga jikoki sai furanni masu Juma'a Mubarak. Ba bidiyo, ba waƙa. Manhaja ɗaya tak ce ta haɗiye kusan komai, wata mai karanta wa mutum saƙonninsa da murya, da Hausa, saboda masu raunin gani. Ita kanta 'yar ƙarama ce. Tarkacen da ta tara ne ya ninka ta ba iyaka.

Ku matso, 'yan bidiyo, ga karatu. Manhaja in ta ci karo da abin da ya fi ƙarfinta sai ta mutu a tsakiyar aiki, mu a nan cewa muke ta faɗi. Tana faɗuwa sai a rubuta abin da ya faru: ina take, me take yi, da me ta yi tuntuɓe. Wannan shi ne rahoto. Aika shi ake yi ga wanda ya ƙera manhajar, in ya tafi sai waya ta share nata. In ba a aika ba, sai ta ajiye shi tana jira. To ita wannan, duk saƙon da ya shigo sai ta farka ta fara karantawa, ta faɗi, a rubuta rahoto, ta miƙe, ta koma kan saƙon nan dai, ta sake faɗuwa. Alhaji kuwa yana cikin wani zauren hira na waya na tsofaffin ma'aikata, mutanen da ba su da abin yi daga asuba sai tura wa juna addu'o'i masu tsawon hanyar Zariya. Rahoto ya hau kan rahoto har wuri ya ƙare. Duk tashin da ta yi kuma sai ta bi tsofaffin tana duba su ko za a aika, shi ne zafin nan, shi ne kuma mai shanye batir. A taƙaice waya ta zama ma'aikata, ba aikin da ake yi a cikinta sai rubuta rahoto kan dalilin da ya sa ba a yi aiki ba.

Na ce, "Alhaji, ba sai an wanke ba. Wannan mai karanta saƙon ce matsalar. In cire ta, yanzu wayarka ta huce."

"A'a. Ita kam a bar ta. In ka wanke ma, ka mayar mini da ita."

"Za ta sake cikawa fa."

"In ta cika in dawo ka sake wankewa."

Ina cikin tunanin wane irin ciniki ne wannan sai saƙo ya shigo. Wata murya ta fara, "Assalamu alaikum 'yan uwa, duk wanda ya karanta wannan addu'a ya tura wa," sai ɗif. Rubutu ya fito da manyan baƙaƙe: Manhaja ta faɗi. A aika rahoto ga masu ita? A ƙasa ga Aika, ga Ba yanzu ba. Na kai babban yatsana zan danna Aika, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ban san tsoho yana da irin wannan ƙarfin ba.

"Kul!" in ji shi. Ya fizge wayar ya danna Ba yanzu ba, da saurin wanda ya saba.

Daga nan ne mai waya ya buɗe. Manhajar, 'yarsa ce ta ƙera ta. Ummi yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Ta yi karatun kwamfuta, tana aure a Doka, tana aiki da wani ƙaramin kamfani a can, ba a ma tabbatar da ita a aikin ba tukuna. Ganin yadda yake fama da karanta saƙo ne ya sa ta kawo shawarar a yi abin. Sai mutane suka fara ƙorafi wai tana mutuwa. Oganta ya ba ta zuwa ƙarshen wata, in ba ta gano matsalar ba za a jingine manhajar, ita ma a jingine ta.

"Ka san mene ne rahoto kuwa?" in ji shi. "Ni na sani, a rajista na tsufa. Rahoto na farko, kweri, a ce ka kare kanka a rubuce. Na biyu, gargaɗi. Na uku, ka kwashe kayanka. Na ga magidanta sun fita daga ofis da kwali a hannu saboda takarda mai layi huɗu. Yanzu waya tana so ni, ubanta, in aika wa oganta cewa aikinta ya faɗi? Kullum? Da hannuna? Allah Ya kiyaye."

Na ce to ita ya gaya mata?

"In gaya mata me? Yarinya ba ta barci. Duk ta tambaya sai in ce tana aiki lafiya lau. In ta zo gida sai in ce wayar tana caji a maƙwabta. To yanzu kiranta ma ba ya shiga, ta ce ranar Asabar za ta zo ta duba da kanta. Ka ga dole ta same ta a wanke."

Dariya ta taso mini har wuya, sai kuma tausayi ya danne ta. Mutum ya yi watanni da garwashi a aljihu, yana danna Ba yanzu ba dare da rana, wai yana tsare wa 'yarsa aiki. Na ce, "Alhaji, wannan ba irin rahoton ofis ba ne. Nuna wa mai gyara inda ke yoyo ne. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Haka ake cewa a ofis ma. Wai don ajiya ne kawai. Kai ka taɓa ganin cikin fayil?"

Sai na ba shi labarin shekarar gilashi, wadda duk tsohon mai gyara a layinmu yake tunawa da ita ya yi tsaki. Wani irin gilashin waya ne ya cika kasuwa, kyakkyawa a ido, duk muka saya muka yi ta saka wa mutane. Ashe bayan 'yan makonni sai ya fara taɓa kansa, waya tana aljihu ta kira surukinka ta bar shi yana sauraron hirarka. Mutanenmu kuwa da kunya. Ba wanda ya dawo ya ce Garba aikinka ya lalace. Sai su wuce su gaishe ni, ya aiki, ya iyali, su kai wayar wani wuri, su kuma ba duk tasha labari ban da ni. Rumfa ta yi tsit. Na wuni ina korar ƙuda, na zargi maƙiya, na sha rubutu har cikina ya gaji. Sai ranar da wata mai abinci a bakin tasha ta zo ta dangwarar da wayarta a teburina, ta wanke ni tas a gaban direbobi da 'yan kamasho, ta haɗa da zuriyata. A ranar na san abin da ke faruwa, na kwashe sauran gilasan na zubar, na bi waɗanda na iya tunawa na canza musu. Da masu jin kunyata ne kaɗai a garin nan, da yanzu baro nake turawa.

Alhaji ya saurare ni har ƙarshe kamar mai sauraron koke, sannan ya ce, "Ita ai gabanka ta zo ta faɗa. Ba oganka ta rubuta wa ba."

Wayarsa ce, in ya ce a wanke yana da iko. In kuma na faki idonsa na danna Aika, na ci amana, wanda kuwa ya fara danna abin da ba a sa shi ba a wayar mutane ya bar gyara ya koma wata sana'ar. Sai na jawo makamin da kowane mai gyara yake ajiyewa don irin wannan rana. Na ce ai ba wuta, kwamfuta ba za ta tashi ba, sai dai gobe. Ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke juyawa a samanmu, ya dube ni.

"Injiniya, ni na yi wa mutane dawo gobe tun ba ka fara gemu ba. Kada ka yi mini."

Na ce to a yi haka. In kira ta da wayata, ba zan ambaci sunansa ba, in ce ga wata waya cike da rahoto zan wanke. In ta ce a wanke, a gabansa zan wanke. Ya juya abin a ransa, sannan ya karanto mini lambar da ka.

Na buɗe murya yadda zai ji. "Salamu alaikum, Hajiya. Mai gyaran waya ne daga Kawo. Ku ne masu manhajar nan mai karanta saƙo?"

"Mu ne," in ji wata murya a gajiye. "In zagi ne, Malam, sai dai ka bi layi."

"Ba zagi ba ne. Wata waya aka kawo mini, rahoton manhajarku ya cika ta har ba ta numfashi. Na ce in tambaya kafin in wanke."

"Rahoto? Ba a goge manhajar ba? Tsohuwar waya ce?"

"Ta girmi wasu masu gyara a layinmu."

"Don girman Allah kada ka wanke. Kada ka kashe ta, kada ka taɓa komai. Ina ne rumfar? Ga ni nan." Ko inda na sami lambarta ba ta tambaya ba.

Na dubi Alhaji ina jiran ya sallama. Ina! Ya ce, "Ka gani ko? Zuwa za ta yi ta ɓoye su da kanta kafin oga ya gani." Sai kuma ya tuna wayar wa za ta tarar. Ya miƙe zai ɗauka, na ce ai yanzu ya ji an ce kada a taɓa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin umarni a rubuce da baki, sai ya janye hannu. Ya rasa inda zai sa kansa, ya faɗa shagon telan da ke maƙwabtaka da ni, ya tsaya a bayan labulen da ake gwada kaya.

Ana yayyafi ta sauko daga Keke, jakar kwamfuta a rungume a ƙirji ƙarƙashin hijabi don kada ta jiƙe. Tun kafin ta zauna take bayani. A wayoyin ofis, sababbi masu tsada, manhajar ba ta taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Masu tsofaffin waya kuwa, in ta faɗi musu sau biyu sai su goge ta, su bar musu zagi, zagi kuma ba ya nuna inda matsala take. Ta ce ba ta taɓa jin wanda ya haƙura da ita har ta cika masa waya ba, wane bawan Allah ne wannan?

Na miƙa mata. Ta juya ta, ta ga jar robar, ta tsaya cak.

"Wannan ai wayar Baba ce."

Ni dai na shiga neman wani sukuru da bai ɓata ba. Ta waiwaya. Labulen tela bai kai ƙasa ba, a ƙarƙashinsa ga takalma biyu suna ƙyalli, irin ƙyallin da babu na biyunsa a Kawo ranar ruwa.

"Baba, na ga takalminka."

Ya fito yana gyara hula. "Awon kaftani na zo."

"Baba, kai fa ka ce mini tana aiki lafiya lau."

Ya ƙi kallonta. "Ba zan kai ƙararki wurin oganki ba, Ummi. Ko da wayar za ta kama da wuta."

Ta dube shi, ta dubi wayar, ta dube ni. Sai da na maimaita mata tambayar nan da waya take yi, "A aika rahoto ga masu ita?" sannan ta gane. Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta sa bakin hijabi ta goge ido.

"Baba, ba wurin oga yake zuwa ba. Wurina yake zuwa. Ni ce masu ita. Ni na rubuta tambayar nan da hannuna. Kullum da safe sai na buɗe in ga ko wani ya aiko, ba kowa."

Alhaji ya nemi benci ya zauna. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Tela ya tsayar da kekensa, ni ma na kashe bulowa. Can Alhaji ya ce, "Duk tsawon aikina ba wanda ya taɓa cewa na danne masa fayil. Ashe na 'yata zan danne."

Tana iya jona waya da kwamfuta ta kwashe rahotannin, na ma miƙa mata igiya. Ta ce a'a, a jira saƙo. Ba mu daɗe ba kuwa, tsofaffin ma'aikata ba sa ba mutum kunya. Muryar ta fara sallama, ta faɗi, tambayar ta fito. Ummi ta durƙusa ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya mayar da tabarau, ya karanta tambayar daga farko har ƙarshe kamar bai taɓa ganinta ba, ya goge yatsa a jikin kaftani, ya yi bisimilla, ya danna Aika.

Sai da ta ƙara wa wayar data daga tata, muka kuma jingina ta a ƙarƙashin fanka, don tafiyar rahoton ta ɗauki lokaci. Ta buɗe kwamfutarta a teburina, tsakanin dalma da sifirit. Na leƙa, ban gane ko layi ɗaya ba. Ni iyakacina in san rahoto ne in kuma san inda ya taru, karanta shi aikinta ne. Ta yi ta gangarawa, can sai ta bugi tebur har hantsakina ya yi tsalle. Ashe manhajar tana ƙoƙarin haɗiye saƙo gaba ɗaya ne kafin ta fara karantawa. Babbar waya tana iyawa, ƙarama kuwa in saƙo ya yi tsawo sai ya shaƙe ta. Su a ofis da "ina kwana" da "ka iso lafiya" suke gwaji. Ba wanda ya taɓa gwada ta da addu'ar ɗan fansho.

To ku da za ku ƙware a sati biyu, ku gaya mini. Da ɗayanku Alhaji ya tarar a rumfar nan, kafin ya gama gyara zama an wanke waya tas. Ya yi godiya, ya sa albarka, ranar Asabar 'yarsa ta zo ta ga komai lafiya lau. Ƙarshen wata ta fito daga ofis da kwali a hannu, uban yana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, ku kuma kuna nan kuna cewa aiki ya yi kyau, mai shi bai dawo da ƙorafi ba.

Bayan wata ya kama sai ga Alhaji ya dawo, wannan karon ba hankici. Ya ajiye wayar a teburina, na taɓa na ji ta da sanyi. Na ce me kuma ya faru? Bai amsa ba, ya kira tela, ya kira mai lemo, ya danna wani saƙo. Daga Ummi ne, kuma da gangan ta tsawaita shi. Muryar ta gaishe shi, ta gaishe da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta gaishe da tsofaffin ma'aikata, ta gaishe da Injiniya da tela da labulensa, ta yi addu'a mai tsawon hanyar Zariya har da dawowa. Muna tsaye muna jiran inda za ta shaƙe. A can ƙarshe ta ce, "Baba, yau an ba ni takarda. An tabbatar da ni." Sannan ta yi shiru don kanta.

Alhaji ya ɗauki wayarsa ya share fuskarta da hannun riga.

"Ka ji ko, Injiniya?" in ji shi. "Ba ta faɗi ba."